Karan da Aka Jingina wa Rumbu

A gidanmu na Zango, ko an sauke tuwo ba a kashe murhu. Kakata, Iya Delu, takan tura gyaɗa cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Ni take kira angonta, ko da yake kullum sai ta ce ango mai majina ba ya cin rabon farko.

"To, ga ta nan a bakin ƙofa," in ji ta in za ta fara tatsuniya. Mu ce ta shigo mu ji ta.

Wai wani manomi ne, rumbunsa na zaune daram kan duwatsu tun zamanin kakansa. Wata rana ya jingina karan gero a jikinsa. Ɗansa ya tambaye shi abin da ya hana rumbun faɗuwa. Don ya huta da surutu sai ya ce, "Wannan karan." Yaro ya ce yaya aka sani? Uban ya ce, "Ba ka ga bai faɗi ba?" Ran nan akuya ta cinye karan. Yaro ya fita yana kururuwa, wai abincin shekara ya tafi.

"Iya, ya faɗi?"

"Faɗuwar me? Ku dai ci gyaɗarku."

Wautar yaron muka yi ta yi wa dariya.

Bara 'yata Hadiza ta dawo hutu daga jami'a, ba magana, ba cin abincin kirki. Da na matsa mata sai ta fashe da kuka. A darasin falsafa an nuna musu cewa hujjar da ta riƙe tun tana ƙarama zagaye kawai take yi: akwai Allah domin littafi ya faɗa, littafi gaskiya ne domin daga Allah yake.

"Baba, imanina ne ya tafi?"

Wallahi na ji tsoro. Hujjoji masu arha suka cika mini baki, kowace za ta sa ta yi shiru. A nan na gane ba yaron ne Iya take yi wa ba'a ba, uban ne.

Na ba ta labarin. Na ce, "Malaminku bai yi ƙarya ba, wannan hujjar kara ce. Durƙusa ki duba ƙarƙashi."

"In ban ga duwatsun ba fa?"

Iya ba ta bar mini amsar wannan ba. Na ce, "Ki zo ki faɗa mini. Ba zan kore ki ba, tare za mu durƙusa."

Sai ta jawo kwanon tuwonta.