Ranar da Na Turara Gidanmu a Doha

Edita, ina gaisuwa. A lokacin da wannan abu ya faru ni nas ce a wani asibiti a Doha, matar aure, uwar yarinya ɗaya 'yar shekara uku, kuma da za a tambaye ni sai in ce ni wayayya ce, na yi hannun riga da camfi. Asalina wani ƙauye ne a ƙasar Katsina. Kakannina Maguzawa ne, babana ne ya fara shiga coci a gidanmu, mu kuma a cikinta muka tashi. Maigidana yana gyaran wutar lantarki a wani otal a Lusail. Muna zaune a unguwar Old Airport, ɗaki da falo a hawa na biyu, gidan da muka yi ta murna da samunsa saboda hayarsa da sauƙi. Aiki kuwa ya riga ya cinye ni. In na dawo daga asibiti ƙafafuna sun kumbura, ga girki, ga wanki, ga yarinya, ban san ranar da na yi barci na ƙoshi ba.

Mun tare a gidan a farkon sanyi, ba a yi wata guda ba yarinyar ta fara tari. Tari ne busasshe mai naci, in ya kama ta sai ta yi ta yi har ta amayar da abin da ta ci. Na kai ta wurin likitocin da nake aiki da su, aka ba da maganin sha, aka ba da na shaƙa, ya lafa kwana biyu ya dawo. Abin da ya fi ɗaure mini kai, in ta yini a wurin maƙwabciyata, wata Basakkwaciya matar direba da ke riƙe mini ita in ina aiki, sai ta yini lafiya lau tana wasa. Da ta shigo gida an fara ke nan. Ni ma ciwon kai ya zama abokin zamana, ni da maigidan kuma abu kaɗan sai faɗa, har kan cokali. Wata huɗu muka yi a haka, na gaji iyakar gajiya, gajiyar da ko addu'a na fara sai in rasa me zan ce.

A haka ne na kira gwaggona, yayar babana, wadda ita ba ta taɓa barin al'adar kakanni ba. Gaisuwa kawai na yi niyya, amma da ta tambayi yarinyar sai na fashe da kuka. Ta bari na gama, sannan ta tambaye ni ko da muka shiga gidan mun wanke shi. Na ce ƙwarai, har da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ta yi dariya, ta ce ba wannan wankin take nufi ba, boko dai ya gama da mu. Ta ce gida ba ya zama kango, in mutane suka tashi sukan bar abin da suka bari, kuma ban san su wa suka zauna ba, ban san hawayen da aka zubar a ciki ba. Ta tuna mini yadda Kaka, mahaifiyarsu, take yi duk shekara in sanyi ya wuce, bazara ta kama, kafin ruwan farko. Takan fitar da komai na ɗakinta tsakar gida ya sha rana, ta share da sabuwar tsintsiya daga ƙurya zuwa ƙofa, ta yayyafa ruwan gishiri, sannan ta zuba garwashi a kasko ta turara saiwoyi, ta saki asabari, ta zaunar da duk wanda ba shi da lafiya a ciki. Na tuna kuwa, har ƙamshin na tuna. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, na ce ta aiko mini.

Bayan mako biyu wani mai dawowa daga hutu ya kawo mini ƙulli a baƙar leda, sassaƙen hano ne da tazargade da wasu saiwoyi da ban san sunansu ba. Gwaggo ta biyo da saƙon murya, ta ce in tabbata na toshe duk inda hayaƙi zai fita, don abin da ke cikin gida ya rasa wurin ɓuya. Ban faɗa wa maigidan ba. Mutum ne mai riƙo da coci, da ya ji zai ce na shigo masa da tsafi gida, kuma ba ni da ƙarfin wani sabon faɗa. Na je kasuwar Abu Hamour cefane, na haɗo da gawayin gashin nama da sabuwar tsintsiya. Na zaɓi ranar Juma'a da safe, ranar da muke zuwa sujada a can, na ce wa maigidan ya tafi shi kaɗai, yarinyar ba ta jin daɗi. Ya tafi yana cewa zai sa a yi mata addu'a.

Na fara da shara kamar yadda aka ce. Na janye kujeru, na naɗe darduma, na goge ƙasa da ruwan gishiri, na zuba gishiri a kowace kusurwa. Da na zo kan wadirof ɗin ɗakin kwananmu, wani ƙato da muka tarar a gidan, na tura shi ya ƙi motsi. Na ce a raina ai hayaƙi zai shiga bayansa, na bar shi. Na kashe na'urar sanyi, na rufe tagogi, kuma tagogin can in an rufe su ko iska ba ta ratsawa. Na jiƙa tawul na toshe ƙasan ƙofa don kada maƙwabta su ji wari su kira mai gadi. Akwai wata 'yar na'ura a jikin silin mai kuka in ta ji hayaƙi, na hau kujera na ɗaure ta da leda. Da hannuna na yi wannan, ni da na sha karɓar leburorin da aka kwaso a sume saboda sun kunna gawayi a ɗaki suna jin ɗumi. Sai dai a raina wancan gawayi ne, wannan kuwa magani ne, ban taɓa haɗa su wuri ɗaya ba.

Na hura garwashin a cikin tsohuwar tukunya, na zuba saiwoyin, na zaga da ita ɗaki da falo da banɗaki, sannan na ajiye a tsakar ɗaki na zauna da yarinyar a cinyata. Da farko ta yi ta tari tana murza ido, ta ce mini yaji, tana so ta fita. Na rungume ta na ce ta yi haƙuri, ta ja numfashi sosai, Mama ce ke yi mata magani. Ta kuwa ja, don ba ta taɓa yi mini musu a kan magani ba. Can sai tarin ya tsaya, ta kwantar da kai a ƙirjina ta yi shiru. Wallahi murna na yi, na ce aikin Gwaggo ya ci. Kaina yana sarawa, zuciyata tana tashi, amma an riga an gaya mini abin zai yi gardama kafin ya fita. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Abin da ya farkar da ni, na ɗaga hannunta in gyara mata kwanciya, na sake shi, sai ya faɗi yaraf. Na san irin wannan faɗuwar hannun, aikina ne.

Na yunƙura in tashi, gwiwoyina suka ƙi. Da rarrafe na kai ƙofa ina jan yarinyar da hannu ɗaya, na fizge tawul ɗin, na murɗa makulli, muka zube a baranda. Maƙwabciyata ce ta ji faɗuwar ta fito. Ta yi salati, ta sure yarinyar ta yi ƙasa da ita inda iska take, tana kiran mijinta ya kira motar asibiti. Ni kuwa ina kwance ina amai, ina jin ta tana kiran sunan ɗiyata tana jijjiga ta, ba amsa.

A asibiti aka sa mana iskar oksijin, ni na dawo hayyacina kafin la'asar, ita sai washegari ta buɗe ido. Da likita ya tambayi abin da ya faru, na ce turaren wuta na sa barci ya ɗauke ni, tun da a ƙasar kowa na turara gida. Ya dube ni, ya dubi takardar da ke nuna aikina, ya ci gaba da rubutunsa. Maigidan ne ya koma gida ɗauko mana kaya, ya tarar da tukunyar da gishirin da ledar a silin. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da na fi samun sauƙi. Ya zauna a bakin gadon yarinyar ya tambaye ni abu ɗaya, wa ya ɗaure ledar. Na ce ni ce.

Kafin a sallame mu shi da mijin maƙwabciyata suka fitar da kaya don warin hayaƙin ya fita. Da suka janye wadirof ɗin sai ga bango baƙi ƙirin da funfuna tun daga ƙasa har sama, ashe bututun na'urar sanyi ne ke yoyo a cikin ginin. Abin da ɗiyata take shaƙa ke nan wata huɗu, taku biyu daga inda take kwana. Da na yi abin da Kaka take farawa da shi, na fitar da komai ya sha rana, da na gani da idona. Sai na tsallake mai wuyar na ɗauki hayaƙin. Da na ba Gwaggo labari, cewa ta yi abin ne ya so tafiya da yarinyar da zai fita. Na ji haushi har na kashe wayar, amma daga baya na sauko. Ita ɗakin da ta sani na jinka ne, hayaƙi na fita ta ko'ina, ba ta taɓa ganin gidan da ake rufewa kamar kwalba ba. Ni ce na san duka biyun.

Mun bar gidan, tarin kuma ya tafi bai sake dawowa ba. Aurenmu yana nan, amma har yau in zan ba yarinyar ko maganin zazzaɓi ne sai babanta ya karɓi kwalbar ya karanta. Yanzu tana makaranta. Tana da saurin mantuwa, abin da aka koya mata yau gobe sai an sake, kuma likitoci sun ce ba za su iya rantsuwa cewa hayaƙin ne ba, ba za su iya rantsuwa cewa ba shi ba ne.

Abin da na koya shi ne gajiya tana iya mayar da mai ilimi wawa, kuma duk maganin da sai ka ɓoye wa abokin zamanka kafin ka yi shi, ka tsaya ka sake tunani. 'Yan'uwana mata da ke zaune a ƙasashen nan, in za ku wanke gida ku wanke, ku buɗe tagogi, ku nemi mai taya ku janye kaya ku duba bayansu. Amma kada a kai garwashi ɗakin da aka rufe, ko wa ya aiko da saiwar, ko don me. Kwanan baya ɗiyata ta dawo daga makaranta ta tambaye ni me ya sa ita kaɗai ce malama take maimaita wa abu sau uku. Na ce mata kowa da irin tafiyarsa, ta yarda ta tafi wasa. Wata rana za ta girma ta sake tambaya, kuma ranar dole in faɗa mata gaskiya.