Farantan Kawu Masu Tsatsa

Shekara ashirin da uku Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya yi a masana'antar takarda yana kwashe baƙin ruwan da ake tatsa daga itace. A cikin ruwan akwai lignin, ƙaron da ke riƙe jikin bishiya. Da can ƙone shi ake yi. Sai aka buɗe ɗakin gwaji don a gasa garinsa ya zama girafin, wani baƙin abu mai ɗaukar lantarki. Aka damƙa mini ɗakin, ni kuma na jawo Kawu ya riƙa shanya garin.

Mutum ne da ba ya iya zama. Ko shayi a tsaye yake sha. Na taɓa ƙirgawa, sau arba'in da ɗaya ya leƙa tanda kafin azahar.

Gashi shida na farko duk sun yi kyau. Sai idona ya faɗa kan farantan da yake shanya a kai, na ƙarfe guda shida, tsatsa ta cinye su. Na zubar, na kawo na gilashi goma sha biyu. Daga ranar, gashi tara a jere gawayi zalla muka fitar. Manaja ya ce in aka kai Juma'a haka, za a rufe ɗakin, Kawu kuma sai ritaya.

Ran Talata Kawu ya tare ni a bakin ƙofa.

"Sarkin lissafi, ƙirga mini abin da ya canja."

Na ƙirga: zafin tanda, awanni, gari. Duk yadda suke.

"Saura ɗaya," ya ce. "Ina farantaina?"

"Suna bola, Kawu. Nan ɗakin kimiyya ne fa."

"To, kimiyyarka gawayi take haifa."

Ya fice, ya dawo da huɗu a hamata, rigarsa duk jan tsatsa. Dakta, mai auna mana sakamako, ta fara dariya, sai ta tsaya cak. Ta ce ƙarfen da ke shiga garin daga tsatsar farantan ne ke jera gawayin shimfiɗa-shimfiɗa cikin wuta har ya zama girafin, kuma ba mu taɓa auna shi ba.

Muka shanya a kansu, muka gasa. Ran Alhamis da hantsi Dakta ta miƙo takardar sakamako: girafin ne. Manaja ya ce ɗakin ya tsira.

Kawu ya jawo kujera ya zauna. Na duba agogo. Minti huɗu ya yi, ya miƙe neman sauran farantai biyu.