Baƙon da Binuwai ba ta ci ba

A gidanmu na Jimeta, in an idar da sallar isha'i, Kaka takan jawo murhu bakin ɗakinta ta zuba gyaɗa a toka, mu kuwa mu yi mata zobe. Kakar ta wajen uwa ce, haifaffiyar Garwa ta Kamaru, fara sol, idanunta kamar na mage. Yaran unguwa har leƙowa suke yi su gan ta. Ba ta da dogon buɗin tatsuniya. Sai ta ce, "Ga ta nan, wanda ya yi barci shi ya so."

Tatsuniyoyinta da yawa na dariya ne, amma akwai guda da nake ƙi, ita kuwa kamar da gayya take maimaita ta. Wai wani baƙo ne jajawur ya zo ta kogi, ya sauka a gidan wani falke, ya auri 'yar gidan, suka haifi yarinya. Rannan aka buga gangar yaƙi, ya ce wa matar zai dawo kafin mangwaro ya nuna. Ya cika alkawari kuwa, ya kamo hanya, sai jirginsa ya kife a tsakiyar Binuwai, 'yan ruwa suka riƙe shi.

"Kaka, yaya sunansa?"

"Ke dai akwai surutu kamar aku. Mace tana faɗin sunan mijinta ne? Mutanen gari dai Mai Jan Kunne suke ce masa."

Daga nan ta kakkaɓe zaninta ta ce tatsuniya ta ƙare, kowa ya kama gabansa. Ba ta taɓa ɗora mata darasi ba. Sai da na yi wayo na gane yarinyar nan ita ce, baƙon kuma Bajamushe ne, daga cikin waɗanda suka riƙe Garwa kafin a kore su. Uwarta ta san sunansa sarai, amma kunya ta hana ta furta shi har ta koma ga Allah.

Yau ina Greensboro ta Amurka ina aikin jinya, Mama tana tare da ni a wani gida kusa da Gate City Boulevard. Tsufa ya kama ta, ga sanyin ƙasar nan da ba ya yi mata daɗi. Abu guda take nanata mini: in nemo inda aka binne kakanta, ko da a bakin ruwa ne, ta san inda za ta fuskanta ta yi masa addu'a kafin ta tafi.

Wallahi na sha wuya. Na rubuta wa gidan adana tarihi na Jamus, suka ce takardun Garwa su Faransa suka gada. Na juya wajen Faransa, suka ce sojan Jamus ba nasu ba ne. Kowa kuma tambayarsa ɗaya, sunan mutumin. Ni kuwa me zan rubuta, Mai Jan Kunne? Har na haƙura, sai ɗana Faruk ya tofa yawu a kwalba ya aika gwajin asali. Sakamako ya haɗa shi da wata tsohuwa a wani ƙauye na kan iyakar Faransa da Jamus, irin ƙauyen da yau na wannan ne, gobe na wancan.

Muka yi magana ta bidiyo, Faruk yana fassara. Ina ganin idanunta na ga na Kaka sak. Ta ce kakanta ya je Afirka yana Bajamushe, aka kama shi a yaƙi, da aka sake shi ya tarar ƙauyensu ya koma Faransa. Ya sake rubutun sunansa ya dace da sabbin masu mulki, shi ya sa kowace ƙasa ta rasa shi. Ya yi aure, ya buɗe gidan burodi, ya ga jikoki. Ta ce bai taɓa ambaton wata mata ko wata 'ya ba. Har ta nuna mini hoton kabarinsa, da furanni a kai.

Na ji haushinsa, na kuma ji tausayin Kaka fiye da yadda na ji ranar rasuwarta. Ban sani ba ko ta yarda da kifewar jirgin nan, ko kuwa uwarta ce ta ga gara yarinya ta tashi marainiya da ta tashi yasasshiya. A da ina ɗauka tatsuniyar tana koya mana cika alkawari ne. Yanzu ina ganin rufin asiri ne kawai aka yi ta yi a gaban yara.

Na so in ɓoye wa Mama, amma na kasa. Na same ta a kan darduma, na durƙusa na faɗa mata komai, na miƙa mata wayar ta ga kabarin. Ba ta karɓa ba. Ta daɗe tana jan carbi.

"Mama, ga sunan nasa nan a rubuce, in karanta miki?"

"Bar shi," in ji ta. "Allah sarki, kakata. Ashe takabar mai rai ta yi."