Akwati Mai Rami Huɗu

Shekarar da aka yanke mana layin waya ina koyarwa a Safana, mu huɗu a gidan malamai. Bayan La'asar mukan kunna tsohuwar na'urar gem ɗina da batirin sola. Aibinta ɗaya, hannun buga gem biyu kawai take ɗauka: biyu na buga ƙwallo, biyu sun zuba ido. Ni kuwa a gidanmu ba a cin tuwo wani na kallo. Sai na je Katsina na sayo wani ɗan akwati mai rami huɗu, wanda ake jona mata kowa ya sami hannu.

Da na dawo, a shingen shiga Safana wani ɗan sa-kai ya zazzage jakata, ya ɗaga akwatin, wayarsa na reto. Wai da irinsa ake magana da mutanen daji, wato 'yan bindiga.

Raina ya ɓaci. Saboda mutanen dajin nan mahaifina ya bar gonarsa ta Runka, gero ya bushe a tsaye. Na ce, "Malam, ba zan bar shi a nan ba. Riƙe shi da hannunka, ka biyo ni ka ga da wa nake magana."

Ya biyo ni fuska a murtuke, bindigar toka a kafaɗa. Na jona, na miƙa masa nawa hannun. Sau uku abokin zamana, malamin lissafi, ya zura masa ƙwallo.

An raba mu da gona, da kasuwa, da waya. Wannan kam ban bayar ba.