Neman Jikar Kwamfutar Ofishinmu

Kwamfutar farko da na taɓa sa wa hannu ta iso ofishinmu na Gashuwa ne cikin kwalaye uku. A lokacin ni ne mai buga tafireta, kuma ni aka ce zan koyi aiki da ita. Ɗan kwangilar da ya kawo ta daga Kano ya yi kwana huɗu yana koya mini. Rana ta farko kunnawa da kashewa, ta biyu rubutu, ta uku adana rubutu a faifai, wani ɗan abu baƙi mai kusurwa huɗu da ake zurawa a wata kafa a gaban akwatin. Rana ta huɗu ya sa mini haruffan Hausa masu ƙugiya, saboda wasiƙun da muke aika wa masu unguwanni, sannan muka zauna shan shayi.

A goshin akwatin akwai tambari, a ƙasan allon ma akwai, a jikin kwalayen ma shi ne. Na tambaye shi na wane ne. Ya ce na kamfanin da ya ƙera ta ne, ya kuma ba ni labari. Wai wani saurayi ne a wata ƙasa mai nisa ya fara harhaɗa irin waɗannan na'urori a ɗakin kwanansa, yana sayar wa abokan karatunsa. Daga ɗaki ya kama shago, daga shago ya gina masana'anta, har ga shi kayansa sun iso bakin kogin Yobe. Na rubuta wannan a bayan littafin aikina yadda ya faɗa: ɗaki, shago, masana'anta.

Labarin bai yi mini wuyar ganewa ba, ko kuma haka na zata. A unguwarmu akwai gidan maƙera. Duk fartanya ko gatarin da ya fito daga hannunsu, suna buga masa wata 'yar alama a kusa da ƙota. Idan ya lalace bayan shekara ashirin, ko da wanda ya ƙera shi ya rasu, ka kai wa ɗansa ko jikansa. Zai duba alamar ya ce aikin gidansu ne, ya gyara maka. Haka na ɗauki kamfanin nan, gida ne mai sana'a da zuriya, tambarin kuma alamar gidan.

A shekarun nan ne mahaifinmu ya kira ni ya ce in zo da takarda. Manomin fadama ne, asalinsa Katuzu, kuma ya fara jin jikinsa. Ya ce yana so a rubuta mutanenmu: wane ya haifi wane, wa ya auri wa, ina kowa ya yi noma, ina aka binne shi. Muka yi Juma'o'i da yawa bayan an sauko daga masallaci, yana faɗa cikin Hausa yana surkawa da Badanci, yarenmu na gado, ina rubutawa a littafin makaranta. Da muka gama na nemi izinin shugaban ofishinmu, ina zuwa ranar Asabar ina bugawa a kwamfuta. Takardar da na fitar da shi a kai ma da kaina na saya a kasuwa. Kwafi ɗaya na fitar. Shi da littafin rubutun hannu na kai wa yayana, don shi ne babba, a wurinsa ya kamata su zauna. Ni kuma na riƙe faifan, na naɗe shi a ƙyalle, na sa a akwatin ƙarfe tare da takardun makarantata. Damina biyu bayan haka Baba ya rasu.

Kafin in yi ritaya an sauya mana kwamfuta sau biyu, duka masu wannan tambarin. A littafina na rubuta su uwa, 'ya, jika. Ta biyu ta fi ta farko sauri. Ta uku ta zo siririya, ba ta da kafar faifai. Na tambaya, aka ce an daina yayinsa. Ban damu ba. Takardu suna wurin Yaya, sannan a ganina babu gidan sana'ar da zai girma har ya kasa gane aikin kakansa.

Wata damina mai ruwa da yawa kogi ya cika ya shigo unguwarsu Yaya. Bayan ruwa ya janye ya zo gidana da safe, ya zauna a kan tabarma, muka gaisa.

Ya ce, "Takardun Baba sun tafi."

Na ce, "Har littafin?"

"Har shi. Na buɗe jakar na tarar sun zama kunu. Amma ai kai kana da naka a cikin wannan baƙin abin."

"Ina da shi, Yaya."

"To, ka fitar mana. Yara suna tambayata, ni kuma daga kakan kakanmu kaina ba ya wucewa."

Da ya tafi na ɗauko faifan na duba shi. Bai canza ba, sai dai rubutun da na yi a jikinsa ya dusashe. Duk abin da Baba ya faɗa a waɗannan Juma'o'i yanzu nan kaɗai yake, kuma ni ma ba zan iya kawo rabinsa da ka ba.

Na tsara yadda zan yi. Da farko in nemi kwamfuta mai wannan tambarin, sannan in nemi wanda ya san gidan, sannan a fitar da rubutun. Na fara da wani shagon buga takardu kusa da tasha. Mai shagon ya juya faifan a hannunsa yana dariya.

"Malam, wannan ai kayan gidan tarihi ne. A ina ka tono shi?"

Na ce ban zo wasa ba, na faɗa masa sunan kamfanin. Ya ce ai wannan kamfani ba na mai shi ba ne yanzu, an sayar da shi tuntuni, suna kawai ya rage. Wani malamin makaranta da ke jiran a buga masa takarda ya ce ba haka ba ne, shi kamfanin ne ya haɗiye wasu ƙanana ya ƙara girma. Suka yi ta musu. Mai shago ya ce an raba shi biyu. Malamin ya ce to ai wanda aka raba bai mutu ba. Na tsaya tsakaninsu da littafina a buɗe, ban san abin da zan rubuta bayan masana'anta ba. Idan an sayar da gida, masu gidan ina suka koma? Idan kuma gidan ne ya sayi wasu, waɗanda aka saya sun zama 'ya'yansa ke nan, ko yaya? Abu ɗaya suka yarda da shi su biyun, wato in tafi Nguru, akwai wata mata mai gyara da ba ta yar da tsohon kaya.

Washegari na hau mota. Shagon yana wani layi da bai da nisa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Matar Kirista ce daga kudu, ta daɗe a Nguru har Hausarta ta fi ta wasunmu santsi. Kwamfutoci a jibge har kusa da rufi, wasu ba murfi. Na gaishe ta, na yi mata bayani daga farko, na ce ina neman jikar kwamfutar ofishinmu, ko wata daga cikin zuriyarta.

Ta yi dariya ta ce, "Jika? Baba, kwamfuta kake nema ko dangin amarya?"

"Madam, abin da uwa ta rubuta, 'yar gidan ce za ta karanta shi."

Ba ta ƙara yin dariya ba. Ta jawo wata kwamfuta mai wannan tambarin, ta kwance murfin, ta ce in matso. Ta riƙa nuna mini kayan ciki da bakin sukudireba. Wannan ƙwaƙwalwar wani kamfani ne ya yi ta. Wannan ma'ajiyar wani ne daban, a wata ƙasa. Fankar ma da nata tambarin. Na sa tabarau na duba da kaina. Na ƙirga alamomi shida, babu irin wadda ke goshin akwatin.

Na ce, "To shi mai tambarin me ya ƙera?"

"Shi ke cewa a yi kaza, a sa kaza. Wasu su haɗa masa, a manna sunansa."

"Ko murfin?"

"Murfin ma sau da yawa wani ke yi."

"Amma da, lokacin da yake ƙarami, da hannunsa yake yi."

"Ko a lokacin ma saye yake yi ya haɗa, Baba. Da ya girma sai ya bar wa wasu haɗawar."

Na zauna a kan benci. An ce mini ya tashi daga ɗaki zuwa shago zuwa masana'anta, yanzu kuma ana ce mini da ya ƙara girma sai ya rage aiki da hannu. A sanina mai sana'a idan ya bunƙasa maƙerarsa ce ke faɗaɗa. Na tambaye ta ko shi saurayin yana nan da rai, kuma ko 'ya'yansa ne ke riƙe da wurin. Ta ce ita ba ta sani ba, kuma kamfani irin wannan mutane dubbai ne ke da shi, kowa da ɗan yankinsa, mafi yawansu ba su taɓa ganin juna ba. Na ce to wa zan rubuta wa wasiƙa idan faifan ya ƙi? Ta ce, "Bari mu gani tukuna ko zai ƙi."

Ta buɗe aljihun teburinta ta ɗauko wani ɗan akwati mai igiya, yana da kafa irin wadda na sani. Na karɓa na juya shi gaba da baya. Babu tambari ko ɗaya a jikinsa. Ta jona shi da kwamfutar da take aiki da ita, wadda ta wani kamfani ce daban.

Na ce, "Madam, tsaya. Wannan ba ta gidan ba ce. Kada ta ɓata shi."

"Ba ruwansa da gida."

"In ya goge fa? Ba ni da wani."

Ta dube ni, ta ɗauki faifan ta tura wani ɗan maɓalli a kusurwarsa, ta ce yanzu ba abin da zai iya yin rubutu a kansa ko ya goge, karantawa kawai. Shekarun da na yi ina aiki da faifai ban taɓa sanin amfanin wannan maɓallin ba. Ta ce in ban yarda ba in ɗauki abina. Na ce bismillah, ta zura faifan.

Abin ya yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, ya tsaya, ya sake. Sau biyu ta fitar ta mayar. A na uku sunan da na ba rubutun ya bayyana a allo. Ta yi wasu 'yan danne-danne, sai ga kalmomin Baba, shafi goma sha ɗaya.

Amma duk inda akwai harafi mai ƙugiya, wani ɗan akwati ne babu komai a ciki. Ɗa ya zama akwati da a. Ƙane, ƙasa, ɓangare, duka haka. Na tambaya ko laifin kamfanin ne da ya manta haruffansa. Ta ce waɗannan haruffa ba nasa ba ne tun asali, wanda ya kawo mana kwamfutar ne ya ƙara su daga wani wuri, kuma ba ta da irinsu. Na ce ke nan uwar ma ba da haruffan gidansu ta rubuta ba. Ta ce, "Baba, ka bar maganar uwar nan." Ta adana mini rubutun a sabon wuri, ta fitar da kwafi uku.

A mota na fara gyara da biro. Kalmomin Hausa ba su ba ni wahala ba, jimla ce ke nuna harafin da ya ɓace. Sunaye ne suka tsayar da ni. Na yi mako guda ina bi layi-layi, wanda ban tuna ba Yaya ya tuna, har ya rage guda ɗaya. Wata mata ce a can sama, wadda Baba ya ce ita ta fara kawo mu fadamar Katuzu. Sunanta na Badanci ne, kuma da akwati ya fara. Na gwada shi da ɗ, ya yi kama da suna. Na gwada da ɓ, shi ma ya yi. Ni na ji shi daga bakin Baba, ni na rubuta shi sau biyu, amma na kasa tuna wanne ne.

Na hau babur zuwa Katuzu wurin gwaggonmu, ƙanwar Baba, ita kaɗai ta rage a tsararsu. Na karanta mata layin duka, tana gyaɗa kai, har na zo wurin. Na faɗi sunan iri biyu, na ce wanne ne.

Ta ce, "Kai, rufe bakinka. Wa ya ce maka ana kiran sunanta?"

"Gwaggo, rubutawa zan yi, ba kira ba."

"Mu tun muna yara Iya Babba muke ji ana cewa. Uwarmu ma ba ta taɓa faɗinsa ba. Ubanku ne mai ƙarfin hali, ya je ya tambayo tsofaffi."

"Ke ba ki taɓa ji ba ko sau ɗaya?"

"In na ji ma na toshe kunnena."

Na koma Gashuwa na sa aka sake buga shafukan da gyare-gyaren a shagon nan na kusa da tasha, kwafi bakwai, kowane gida ɗaya. A wurin sunan nan na hana mai shago ya zaɓa mini harafi. Na ce ya bar akwatin yadda yake, ya rubuta Iya Babba a gefensa. Yaya ya karɓi nasa ya duba, ya sa yatsa a kan akwatin ya ce wannan fa. Na gaya masa yadda aka yi. Ya ce ko za a rubuta wa kamfanin, wataƙila suna da shi a ajiye. Na ce masa ban san wanda zan rubuta wa ba.