Man da ke Zuba Yana Ƙaruwa

Yayana direba ne, kuma ban taɓa saninsa da wata sana'a ba. A tasha Sannu-Sannu suke ce masa, don ko hanya ta zama tasa shi kaɗai ba ya taka mota. Tun ina 'yar makaranta yake jan babbar motar nan mai shuɗin kai, yana ɗaukar bulo da katako da siminti, wani lokaci kayan masu tashi daga gida. Da farko ta maigidansa ce, daga baya ta zama tasa. Tare suka tsufa. Shi furfura ta cika masa kai, ita fentinta ya koɗe, ƙofar gefe kuma sai an ɗaure ta da igiya.

Ni ɗinki nake yi a shagon da ke jikin gidansa, a gaban idona yake ajiye motar. Wata safiya na fito na tarar da shi a tsugune, ya zuba wa ƙasa ido.

Na ce, "Yaya, me ya faɗi?"

"Zo ki gani. Wannan mai ne ko ruwa?"

"Ni ina na sani? Ƙasa dai na ga ta jiƙe."

Ya dangwala da yatsa, ya murza, ya shinshina. "Baƙin mai ne," in ji shi. Ya sake dangwalawa. "Kai, kamar kuma ba shi ba."

Ya karɓi wani kwali a shagona ya shimfiɗa a ƙarƙashin inji. Washegari ga ɗigo baƙi ƙirin a tsakiyar kwalin. To, mai ne ke zuba, magana ta ƙare. Ya buɗe bonet ya zaro geji, wato sandar nan da ake auna mai, don ya ga yadda ya ragu. Sai ya ga man ya haura alama. Ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Yana nan a sama. Ya buɗe lagireto, inda ake zuba ruwan sanyaya inji, ruwan da ya cika jiya ya yi ƙasa sosai, alhali babu ko ɗigon ruwa a kwalin.

Ya juyo ya dube ni. "Ke, tsaya. Wanda ke zuba ba ya raguwa, wanda ke raguwa kuma ba ya zuba. Na faɗa daidai?"

Na ce daidai ya faɗa, sai dai ban gane ba. Ya ce shi ma haka.

Daga ranar barkwanci ya bar gidan, abinci ma Yaya ya daina ci sosai. Da fari ya ce laifin ƙasar ne, wai tana da gangare, ya juya motar ta kalli wancan ɓangaren. Bai sauya komai ba. Ya ce gejin ne ya lanƙwashe, ya aro na wani. Ya ɗaure duk wani tiyo da hannunsa ya kai. A tasha kowa ya zama likita: wani ya ce ya fasa ɗanyen ƙwai a lagireto, wani ya ce sabulu, wani ya ce ai tsohuwar mota ba a yi mata tambaya. Har matarsa bai bari ba.

"Ke kike ƙara mata mai?"

Ta ajiye tsintsiya. "Baban yara, ni da ko murfin ban san inda yake ba? In ƙara da me, da ludayi?"

Muka yi dariya, shi bai yi ba. Da la'asar ya shigo shagona ya zauna a kan benci, yana ta juya makulli a hannu. Can ya ce, a hankali, "Ko dai ni ne nake zubawa ina mantawa? Kin tuna yadda Baba ya fara. Ya ci abinci, ya ce ba a ba shi ba."

Ƙafata ta tsaya a kan keken ɗinki. Ashe ba motar ce ke hana shi cin abinci ba. Na tashi na ɗauko jarkar mansa daga bayan kujerar mota, na saka a ƙarƙashin teburina, na ce ba zai ƙara taɓa ta ba sai da sanina. Bayan 'yan kwanaki ya zaro geji, man ya ƙara hawa. Ban taɓa ganin mutum ya yi murna da lalacewar motarsa ba sai ranar. Ya yi hamdala, ya yi murmushi, sannan murmushin ya ɓace. "To in ba ni ba ne, wane ne?"

Yana da aboki bakanike tun ƙuruciya, ana ce masa Kunne, don da sauraro yake gane ciwon inji. Yaya ya ƙi zuwa wurinsa, tsoro yake kada a ce masa motar ta gama aiki. Matarsa ce ta kira shi ba da saninsa ba.

Kunne ya zo, ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba. Ya buɗe murfin mai, cikinsa duk wani farin kumfa mai kauri. Ya ce a tayar. Salansa ta fara fitar da farin hayaƙi, ruwan lagireto yana ɓulɓulo kamar an ɗora shi a wuta.

"Sannu-Sannu, ciwo biyu ne, kai kana neman ɗaya. Gaskit ɗin kan inji, wanda ke raba ruwa da mai, ya ƙone, ruwanka cikin mai yake gangarawa. Shi ne ka ga geji yana hawa. Ɗigon da ke ƙasa kuwa wata tsohuwar roba ce ta saki, ba ruwanta da wancan."

Yaya ya ce, "Wato man bai ƙaru ba?"

"Bai ƙaru ba. Raguwa ma yake yi."

"Amma na gan shi a sama."

"Ruwa ka gani."

"Baƙi fa na gani."

Kunne ya ɗauko kayan aikinsa. Ya shiga ƙarƙashin mota ya kwance notin zubar da mai, ya tara bokiti. Abin da ya fito kamar shayi mai madara. Yaya ya daɗe yana kallon bokitin, ya ce, "Da wannan nake yawo a titi?"

An yi gyara, motar ta tashi. Kunne ya ce injin ya ji jiki, ban da tafiya mai nisa, ban da kaya mai nauyi. Yanzu cikin gari kawai Yaya yake zagayawa, kafin rana ta yi sanyi ya dawo gida, abin da matarsa ta daɗe tana roƙo.

Labarin kuwa kullum sai ya ba wani, kuma kullum a juye. Jiya na ji shi yana gaya wa mai wanki wai mai ne ya shiga ruwa. Na leƙo na ce, "Yaya, ruwa ne ya shiga mai."

Ya tsaya, ya ɗan yi tunani, ya ce, "Ke ki yi ɗinkinki."