Goshina Bai Kai Ƙasa Ba

Malam Garba, daren jiya na yi wani irin mafarki da har yanzu bai sake ni ba, kuma kai kaɗai zan iya gaya wa ba ka yi mini dariya ba.

Ka san halin da nake ciki da gwiwoyin nan. Shekara arba'in ina taka keken ɗinki da su, yau sun juya mini baya. Duk abin da likita ta ce na yi. Na bar gishiri, na bar jan nama, miyata ta koma kamar ruwan wanke kwano, kullum bayan asuba ina tattaki har bakin kasuwa in dawo. Ba tsawon rai nake nema ba, wannan na Allah ne. Abu ɗaya nake gudu: kujerun robar nan da ake jerawa a gefen sahu a masallacinmu. Ka tuna yadda nake tsokanar marigayi Malam Idi da ya koma yin sallah a zaune, ina ce masa ranka ya daɗe gwamna? Wata bakwai ya yi a kan kujerar, aka kai shi makwanci.

To, a mafarkin na ga kaina ina tattakin nan da rana tsaka, unguwa shiru, ko akuya babu. Ina ta jefa ƙafa, gumi na zuba, amma duk lokacin da na ɗaga kai sai in ga ina ƙofar tsohon shagona. Na ji ana kiran sallah can nesa, na ƙara sauri, shagon yana nan a gefena.

Sai kawai na gan ni a ɗakin likita. Ba abin awon jini ta ɗauko ba, tef ɗina na awon kaya ne a wuyanta. Ta auna gwiwar dama, ta auna ta hagu, ta rubuta a jikin bango da alli. Na ce, "'Yata, me kika gani?" Ta ce, "Baba, ka ci gaba da abin da kake yi." Na ce, "Na ci gaba har zuwa yaushe?" Sai ta naɗe tef ɗin ta kira na bayana.

Sai kawai ga ni a masallacinmu, amma babu rufi, babu darduma ko ɗaya. Kujeru ne farare tun daga gaba har bakin ƙofa, kowacce da tsoho a kai, kuma duk na san su, rabinsu ni na ɗinka musu rigar aure. Malam Idi yana sahun farko da hularsa ta kullum. Kujerar da ke kusa da shi ba kowa. Ya dube ni, ya goge ta da hannun riga, ya bubbuga ta sau biyu. Ba fushi a fuskarsa, ba murmushi. Da ma ya rama tsokanar, da ya fi mini sauƙi.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Idi, ni ban kai nan ba." Na tsaya da ƙafafuna na yi kabbara. Na yi ruku'u lafiya lau, gwiwa ko ƙas ba ta ce ba, har na ji daɗi ya kama ni. Na tafi sujada. Ina sauka, ƙasa tana sauka. Na miƙa wuya, na miƙa hannu, ina jin ƙamshinta kamar an yi yayyafi, saura kamar taƙi ɗaya, amma ta ƙi tsayawa. Wata murya a bayana, kamar ta ladan kamar ba tasa ba, ta ce, "Malam Tela, an idar." Na ce, "Ku jira ni, goshina bai kai ba." Sai ƙarar jan kujeru kawai nake ji, mutane suna fita.

A nan na farka, ana kiran asuba da gaske. Na yunƙura zan tashi, gwiwar hagu ta kumbura ta yi suntum, ta ƙi lanƙwasuwa. Masallaci dai bai yiwu ba. Da kyar na dafa bango na yi alwala. Ina dawowa na tarar uwargida ta shimfiɗa mini darduma, ta ajiye kujera a kai. Ba ta ma yarda mun haɗa ido ba. Ban san tun yaushe ta saye ta ba, ban kuma san inda ta ɓoye ta ba.

Malam Garba, na zauna. Na yi sallar ina sunkuyar da kai a iska, hawaye na ɗiga a cinyata.

Kai ka yi karatu, ka faɗa mini tsakani da Allah, kada ka lallashe ni. Tsoro ne kawai ya bi ni cikin barci, ko kuwa nuna mini aka yi? Goshin nan zai sake taɓa ƙasa, ko sai ranar da za ku saka ni a cikinta?